Daga Dandamali zuwa Ɗakin Sikanin: Kundin Aikin Littafina

6 ga Janairu

Yau na zazzage kwalin littattafan a kan tebur na kasa su kashi huɗu. Na wasan kwaikwayo tara ne, na yadda ake mayar da littafi ko wasan dandamali zuwa fim shida, na lissafi biyar, na hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti huɗu. Ashirin da huɗu ke nan, babu ƙagaggen labari ko ɗaya a ciki. Da su zan gina littafi guda da Hausa, wanda duk mai takardar sakandare zai karanta ba tare da ya nemi mai yi masa fashin baƙi ba. Na ba kaina shekara ɗaya. Wannan kundin kuwa don in riƙa sanin inda na kwana ne, saboda na san halina, idan ban rubuta ba wankin hula zai kai ni dare.

Duk wanda na faɗa wa shirin sai ya ce me ya haɗa kifi da kaska. Kalma ɗaya ce ta fara haɗa su a kaina: tiyata. Muna cewa an shiga da wane tiyata, gabanmu na faɗuwa, alhali asalin kalmar a Girkanci wurin kallo take nufi, inda jama'a ke zama su kalli wasa. Ta biyo ta Turanci ta iso mana, sai ta yar da wasan a hanya ta zo da wuƙar likita kaɗai. Akwai dalili. A jami'ar Padua ta Italiya an buɗe wani ɗaki a 1595, hawa shida na katako da suka zagaye tebur guda a ƙasa, ɗalibai a tsaitsaye suna leƙen gawar da malami ke feɗewa. Ɗakin yana nan har gobe. Daga irin waɗannan ɗakuna masu 'yan kallo ɗakin fiɗa ya gaji sunansa.

15 ga Janairu

Na gama huɗu cikin tara na wasan kwaikwayo. Biyu sun sha mini kai da dogon Turanci, marubutan sun fi son a ce sun iya a kan a gane. Ɗaya kuwa, na wani tsohon mai ba da umarni, kamar hira muke yi.

Abin da na tsinta: mai kallon wasan dandamali fursunan kujerarsa ne. A filin wasa na Epidaurus a Girka, wanda aka gina a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, layukan zama 55 ne, yana cin mutum kusan 14,000. Wanda yake layin ƙarshe ba ya ganin ƙiftawar ido, ba ya ganin rawar leɓe. Shi ya sa 'yan wasan ke sa abin rufe fuska mai manyan siffofi, shi ya sa komai sai an faɗe shi da baki. Har kisa ba a yinsa a gaban jama'a. A wani sanannen wasansu, Sarki Oedipus a cikin gida yake tsone idanunsa, sai wani bara ya fito ya ba da labari, sannan sarkin ya fito jini na zuba. A nan dai ji ne ya riga gani.

Aristotal ya lissafa abu shida da ke gina irin wannan wasa, ya sa tsarin labari a kan gaba, ya jefa abin da ido ke gani, wato ado da kayan dandamali, can ƙasa. Mutumin da ya rayu a garin da ake kallon wasa ke nan.

Sai abin da ya hana ni barci. Lokacin da Abu Bishir Matta ya mayar da littafin na Aristotal zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na goma, daga Suryananci, bai taɓa ganin dandamali irin na Girkawa ba. Wasan baƙin ciki sai ya kira shi madahu, wato yabo, na ban dariya ya kira shi hija'i, wato zambo. Ibn Rushdi ya zo daga baya ya yi sharhi a kan haka, yana kawo baitocin Larabawa a matsayin misali. Manyan malamai ne, ba hankali suka rasa ba, abin da kalmar ke nunawa ne ba ya gabansu. Ni ma ga ni zan ƙirƙiri kalmomin Hausa na abubuwan da wasunsu a littafi kawai na sani. Na buɗe shafi na musamman a bayan kundin nan don kalmomi, kowace da fensir, don in iya gogewa.

2 ga Fabrairu

Na kusa tashin mutanen gida da ihu. Ina duba shekaru don jadawalin farkon littafin sai na ga rana ɗaya a littattafai biyu da ba su san juna ba.

Ran 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna majigi ga masu biyan kuɗin shiga a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Grand Café da ke Paris, gajerun fina-finai goma, kowane bai kai minti ɗaya ba. A wannan ranar ce kuma Wilhelm Röntgen ya miƙa takardarsa ta farko a Würzburg ta Jamus, a kan wani haske da ya gano ran 8 ga Nuwamba, wanda ke ratsa takarda da katako da tsoka. Da yake bai san ko mene ne ba sai ya sa masa harafin X, harafin da masu lissafi ke ba abin da ba a sani ba. Kwana shida kafin nan ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha, ƙasusuwa a fili, ga zobe yana reto kamar ba a jikin yatsa yake ba. Ya karɓi kyautar Nobel ta farko a kimiyyar fiziks a 1901, bai kuma yi rajistar mallakar abin da ya gano ba.

Da wannan ranar zan buɗe littafin, ba shakka.

Amma murna ta zo da aiki. Biyu cikin littattafan fim sun ce a daren nan ne aka nuna jirgin ƙasa yana shigowa tasha, 'yan kallo suka zabura suka yi ta kansu. Fim ɗin jirgin ba ya cikin goman nan, sai a 1896 aka nuna shi, labarin gudun kuwa masu tarihin fim sun daɗe suna tantamarsa. Wani ya rubuta, wani ya kwafa, na uku ya ƙara gishiri. Na soke shi daga babin. Ya yi mini ciwo, domin labari ne mai daɗin faɗa.

9 ga Fabrairu

Mako guda ban rubuta ko layi ba. Ɗaya daga cikin littattafan lissafin da na saya na hannu, ashe an yage shafi goma sha biyu a tsakiyarsa, daidai inda nake buƙata. Allah ya isa tsakanina da mai yagar.

23 ga Fabrairu

Babin fim ya kankama, shi ne kuma ya fi zuwa mini da sauƙi.

Ƙa'idar masu sana'ar ita ce shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo, to fim ɗin awa biyu shafi 120 ne, rabin kowane shafi kuma fili ne fari. Littafi mai shafi ɗari huɗu cike da rubutu ta ina zai shiga? Dole a yanka. Duk littattafan shida a kan yankan nan suke jayayya, wasu na kiransa cin amana, wasu na cewa ba a bin fim bashin biyayya ga littafi.

Na ɗauki wasannin Shakespeare don kwatance, saboda an yi su ta kowace fuska. Hamlet idan aka yi shi cif yakan ci awa huɗu. Laurence Olivier a fim ɗinsa na 1948 ya cire Rosencrantz da Guildenstern ɗungurungum, mutum biyu da suke da hannu dumu-dumu a labarin, wasu maganganun da jarumin ke yi shi kaɗai kuma ya mayar da su murya a zuci, baki rufe. Kenneth Branagh a 1996 ya ƙi cire komai, fim ɗin ya haura awa huɗu. Akira Kurosawa kuwa a 1957 ya ɗauki Macbeth ya kai shi Japan ta zamanin mayaƙan takobi, bai ɗauki baitocin Shakespeare ba, ya kashe jaruminsa da ruwan kibau daga hannun dakarunsa. A nawa ganin na Kurosawa ne ya fi riƙe amanar, domin tsoron da ke cikin wasan shi ya ɗauko, ya bar kalmomin ga masu su.

Wanda ya fi koya mini darasi shi ne Rope na Alfred Hitchcock, 1948, daga wasan dandamali na Patrick Hamilton. Ya so ya yi fim kamar ba a yanka ba, ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya. Amma kyamarar lokacin ba ta ɗaukar fim ɗin da ya wuce minti goma, sai ya riƙa kai ta bayan rigar wani ɗan wasa, allo ya yi baƙi, a canja, a ci gaba. Shi da kansa daga baya bai ɗauki gwajin da daraja ba. Ya ɗaure hannunsa ne ya hana kansa abin da fim ya fi dandamali da shi.

Na gwada da kaina. Na rubuta fitowa ɗaya ta dandamali, shafi uku: mace ta samu wasiƙa, mijinta ya shigo, tana son ɓoyewa. A dandamali sai da na sa ta yi magana ita kaɗai kafin ya shigo, na sa ta zaga tebur sau biyu don na layin baya ya gane. Da na mayar da ita fim sai ta koma layi goma sha ɗaya. Hannu yana tura takarda ƙarƙashin littafi. Ƙofa. Fuskarsa. Idonta ya sauka kan littafin ya ɗago da sauri. Kusurwar takardar ta leƙo. Ba wanda ya ce uffan, amma an gama magana. Duka fitowar biyu za su shiga littafin, shafi na kallon shafi.

Lev Kuleshov na Rasha shi ya fara nuna wannan a aikace: fuskar ɗan wasa ɗaya, ba ta motsi, idan aka biyo ta da akwatin gawa sai a ce baƙin ciki yake, idan da yarinya mai wasa sai a ce farin ciki yake. Mai kallo ne ke haɗa guntaye ya gina abin da ba a nuna masa ba. Na ja wa wannan layi biyu, don ina jin zan dawo kansa.

8 ga Maris

Na shiga lissafi da bismillah.

Matsalar hoton Röntgen ita ce inuwa ce. Haske ya ratsa ƙirji daga baya zuwa gaba, haƙarƙari da huhu da zuciya da ƙashin baya duk sun taru a kan faranti ɗaya, wani a kan wani. Kamar ɗan kallon Epidaurus ne, kujera ɗaya, kusurwa ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa ƙoƙon kai ya rufe ta ruf. Tambayar ita ce: idan inuwa kawai gare ka, amma daga ɓangarori da yawa, za ka iya gano abin da ke ciki?

Ga misalin da na yi wa mai karatu. Zana murabba'i ka raba shi gida huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. A kowane gida akwai lamba a ɓoye. An gaya maka layin sama idan an tara 5 ne, na ƙasa 5, na hagu daga sama zuwa ƙasa 5, na dama 5. Sai ka ce sama 1 da 4, ƙasa 4 da 1. Ya yi. Wani ya ce sama 2 da 3, ƙasa 3 da 2. Shi ma ya yi. Amsa huɗu aka ba ka amma ba su raba gardama ba. To a ƙara kallo ɗaya a karkace, daga gidan sama na hagu zuwa na ƙasa na dama, a ce jimlar 2 ce. Nan take na biyun ya faɗi, domin nasa 4 zai bayar. Kusurwa ɗaya aka ƙara, gaskiya ta fito.

Na'urar CT, wato na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da hasken Röntgen, wannan wasan take yi, sai dai gidajen dubbai ne. Harafin T na sunan ma daga kalmar Girkanci mai nufin yanki yake. Ga yanka ya sake ɓullowa.

10 ga Maris

Na kai wa tsohon malaminmu na lissafi babin. Ya yi ritaya, amma jan bironsa bai yi ba. Ya karanta shiru, ya zo shafi na huɗu ya cire tabarau.

"Kai yaro, wa ya ce maka hasken ragewa yake da ɗai-ɗai?"

Na ce, "Malam, ai kowane gida yana cinye wani abu daga ciki, sai a tara abin da aka ci."

Ya ce in rubuta 100. "Gidan farko ya ci rabi, saura nawa?" Na ce hamsin. "Na biyu irinsa ne sak, shi ma ya ci rabi." Na ce ashirin da biyar. "To na farko ya ci hamsin, na biyu ya ci ashirin da biyar, ga su kuma iri ɗaya. Ina tarawar taka?"

Na yi tsuru-tsuru. Kowane gida kaso yake ɗauka daga abin da ya iso gare shi, wato ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Abin da ke mayar da ninkawa ta zama tarawa shi ne logaridim, wanda John Napier ya fitar a 1614 don sauƙaƙa wa masu lissafin taurari. Na'urar sai ta fara ɗaukar logaridim na abin da ta auna, sannan wasan gidajena ya zama gaskiya. Misalina bai mutu ba, amma da na buga shi haka da na koya wa mutane kuskure da tsabtatacciyar Hausa. Malam ya ce in dawo masa da shi bayan mako biyu, kamar dai ina aji uku.

30 ga Maris

Kwana uku ina wasa da takardu masu shara-shara. Na ɗiga baƙin ɗigo a farar takarda, na ce wannan ne ciwon da ake nema. Daga kowace kusurwa inuwar ɗigon tana gaya maka layin da yake kai, ba ta gaya maka inda yake a layin ba. Sai na ja wannan layin da fensir a takarda guda, na juya, na ja wani a wata takardar. Da na ɗora huɗu na ɗaga su a taga sai ga tauraro mai ƙafa takwas, tsakiyarsa ta fi duhu. Da na kai goma sha takwas ƙafafun sun narke, ɗigon ya fito, amma da hazo kewaye da shi kamar wata ya yi lema. Wannan hazon shi ne aikin masu lissafi. Kafin a mayar da kowace inuwa sai a tace ta, a sa ɗan ragi a gefe da gefenta, yadda idan an tara ragin zai cinye hazon. Na kira hanyar "mayar da inuwa bayan tacewa", da fensir.

Tarihin abin ya fi lissafin ban mamaki. Johann Radon, ɗan ƙasar Ostiriya, ya warware tambayar a 1917: idan ka san jimlar abu a kan kowane layi da ya ratsa shi, za ka iya dawo da abin. Ba majiyyaci a ransa, lissafi yake yi don lissafi. Takardar ta kwanta. A 1956 aka nemi Allan Cormack, malamin jami'a a Cape Town, ya riƙa taimaka wa asibitin Groote Schuur a sashen gasa ciwon daji da haske. Ya ga ana auna hasken kamar jikin mutum abu ɗaya ne ciki da waje, ya fara neman yadda za a san kaurin kowane sashe. Ya buga sakamakonsa a 1963 da 1964, bai san Radon ya riga shi ba, likitoci kuma ba su ko ɗaga kai ba. Cikin 'yan ƙalilan da suka nemi takardar har da masu binciken zaftarewar ƙanƙara a Suwizalan.

Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, ba shi da digirin jami'a, bai kuma san aikin su biyun ba. Na'urarsa ta gwaji kwana tara take yi tana auna abu ɗaya. Ran 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka ɗauki kan majiyyaciya ta farko, ƙullutun da ke ƙwaƙwalwarta ya fito a hoto. Na'urar tana auna sau 160 a kowace kusurwa, ta juya digiri ɗaya, har kusurwa 180, awo 28,800 ke nan, don cike gidaje 80 sau 80, wato 6,400. Na yau gidajensu 512 sau 512 ne. Cormack da Hounsfield suka raba Nobel ta likitanci a 1979, ba likita ko ɗaya a cikinsu.

Littattafai biyu sun ce kuɗin faya-fayan mawaƙan Beatles ne ya gina na'urar, tunda EMI ke buga su a lokacin. Ma'aikatar lafiya ta Ingila ta zuba kuɗi a aikin, wannan tabbas ne, shi zan rubuta. Labarin mawaƙan ya bi jirgin ƙasan Lumière zuwa kwandon shara.

19 ga Afrilu

Ƙanwata ma'aikaciyar ɗakin sikanin ce, shekararta takwas a kai. Na ba ta babi uku ta karanta, yau ta zo da kwamfutarta da hotunan koyarwa marasa suna.

Ta nuna mini yankin kai guda. Kowane ɗigo a hoton lamba ce a ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield: ruwa sifili, iska 1,000 ƙasa da sifili, kitse wajen 100 ƙasa da sifili, ƙashi mai tauri ya kai dubu ko ya wuce. Ido ba zai bambance launin toka dubu biyu ba, don haka sai a zaɓi ɗan tsakani a baza shi daga baƙi zuwa fari. Taga suke kiransa. Ta sa tagar ƙwaƙwalwa, ƙoƙon kai ya zama farin zobe, ciki ga wani ɗan fari-fari a gefe, ta ce jini ne. Ta taɓa maɓalli ta koma tagar ƙashi, ƙwaƙwalwar ta ɓace ta zama toka ɗaya, sai ga tsaga siririya kamar gashi a jikin ƙoƙon. Hoto ɗaya ne, awo ɗaya.

Na yi tsalle na ce ai wannan shi ne aikin mai ba da umarni, ya zaɓi abin da za a gani. Na fara zuba mata Kuleshov.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Yaya, ka yi a hankali da wannan kwatancen naka. Mai fim idan ya ɓoye abu gwaninta ce. Ni idan na ɓoye abu, wani ne zai koma gida da jini a ka."

Ta nuna mini wani hoton, fararen layuka sun fantsama daga baki kamar hasken rana: ƙarfen cikon haƙori ne ya cinye hasken, lissafin ya ruɗe ya zana abin da babu. Wani kuma majiyyacin ya motsa, gefen ƙashin ya zama biyu. Ta ce rabin aikinsu sanin ƙaryar na'ura ne. Ta kuma ce ban ambaci cewa hasken CT ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa ba, shi ya sa ba a yinsa don marmari, musamman ga yara da masu juna biyu, kuma littafin da zai sa mutane sha'awar na'urar bai faɗi wannan ba ya yi rabin aiki.

Na cire shafi biyar da na fi alfahari da su, inda na yi ta ƙawata cewa likita da mai fim sana'arsu ɗaya. Zaƙin kwatancen ne ya ɗebe ni. Abin da ya rage mai ƙarfi ne: duka biyun daga guntaye suke gina abu, amma ɗaya yana da gaskiyar da ke kwance a kan gado tana jiran a dace da ita.

4 ga Mayu

MRI, wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki daban da CT. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ni kuwa na gwada.

Abin da na iya riƙewa: babu hasken Röntgen a ciki. Maganaɗisu ne mai ƙarfi, yawanci tesla 1.5 ko 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), yana jera ƙwayoyin haidurojin na ruwan jiki, a buge su da igiyar rediyo, su amsa. A tesla 1.5 amsar tana kusan megahaz 64, wato kaɗawa sau miliyan 64 a daƙiƙa. Paul Lauterbur ya ga cewa idan ƙarfin maganaɗisun ya ɗan bambanta daga gefe zuwa gefe, kowane wuri zai amsa da muryarsa daban. Hotonsa na farko a 1973 na 'yan bututu biyu ne masu ruwa, mujallar Nature ma da farko ta mayar masa da takardar. Shi da Peter Mansfield na Nottingham suka karɓi Nobel a 2003.

Na'urar duk muryoyin take ji a cakuɗe, kamar taron mutane na magana lokaci guda. Mai rarrabe su shi ne lissafin Joseph Fourier, wanda ya fito da shi yana nazarin yadda zafi ke tafiya a cikin ƙarfe, ya buga littafinsa a 1822. Shi ma kamar Radon, bai san inda kibiyarsa za ta faɗa ba.

Na rubuta bayanin sau huɗu. Na ƙarshe na karanta wa ɗan maƙwabcinmu ɗan aji biyar na sakandare, ya bi ni har wurin muryoyin, daga nan idonsa ya koma kan wayarsa. A nan zan sake farawa.

17 ga Mayu

Inda aka kwana: littafi goma sha tara na karanta cikin ashirin da huɗu. Babin buɗewa da na fim sun tsaya da ƙafarsu. Na CT Malam ya mayar mini da shi da jan biro a wuri uku kawai, har ya ce "ba laifi", wanda a bakinsa lambar yabo ce. Na wasan kwaikwayo ya tsaya a Girka, ban taɓa Stanislavski, mai ba da umarnin nan na Rasha, da gidan wasansa na Mosko na 1898 ba, balle Brecht, marubucin wasa na Jamus. Na MRI kango ne.

Na rushe tsarin farko na kashi huɗu, kowane darasi a ɗakinsa. Yanzu littafin zai bi yawan kusurwa ne: kujera ɗaya a Epidaurus da inuwa ɗaya ta Röntgen a babi guda, kyamara mai yawo da wasiƙar matar nan a na biye, sannan 180 na Hounsfield. Hakan ya buɗe gurbi a farko da ban shirya masa ba, domin sai na yi bayanin yadda ido ke gani tukuna, wato Ibn al-Haisam da littafinsa na gani da ya rubuta a Alkahira a ƙarni na goma sha ɗaya, inda ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Babu shi a cikin ashirin da huɗun. Na aika a nemo mini.

Shafin kalmomi ya kai 63, sha ɗaya kawai na maimaita da biro. "Taga" tana ciki, tunda masu aikin sun riga ni. Ƙanwata ta ce "mayar da inuwa bayan tacewa" ya yi tsawo, ba wanda zai faɗe shi a bakin aiki. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo wani, ta kuma ce in zo da takarduna masu shara-shara, tana so ta nuna wa ɗalibanta tauraron.